Rahoton ayyukan shekara ga membobi, daga magatakarda

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayen ƙungiya, malamanmu, da 'yan uwa ɗalibai da ma'aikata na Jidda da Makka da Madina, ga rahoton shekarar da ta ƙare. Alƙaluman shiga da fita suna cikin jadawalin ma'aji da aka tura zauren WhatsApp, ba sai an maimaita su a nan ba. Wanda ya ce bai gani ba, ya koma sama ya duba, yana nan.

An yi zaman wata-wata, ban da na Ramadan da Zulhajji da aka ɗage kamar kullum. An yi buɗa-baki, an tarbi sababbin ɗalibai.

Kuɗin wata-wata

Waɗanda suka biya kuɗin shekara cikakke ba su kai rabin masu rajista ba. Kuɗin da ake magana a kai bai wuce na farantin kabsa biyu ba, kuma mun san ranar da mukafa'a, wato alawus ɗin ɗalibai, ke shiga, domin mu ma ita muke jira. Ma'aji ya yi tuni a zaure, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, har wasu sun daina ɗaga wayarsa. Ba albashi ake ba shi ba, shi ma yana da jarabawa da iyali. Mai uzuri na gaskiya ya zo ya faɗa, an ɗaga masa, ba wanda ya ji. Waɗanda muke kuka da su su ne masu shiru shekara guda, sai ranar da suke neman wasiƙar shaida ko mai rakiya asibiti su tuna akwai ƙungiya. Duk aikin da za ku ga ya tsaya a ƙasan rahoton nan, daga nan matsalarsa ta faro.

Taron fiziks da ziyarar Thuwal

Babban abin da aka yi bana shi ne halartar taron masana fiziks a Jami'ar Sarki Abdullahi ta Kimiyya da Fasaha, KAUST, da ke Thuwal, kimanin kilomita 80 arewa da Jidda, tare da zagayen ɗakunan bincike da kamfanoni da aka shirya wa mahalarta. Alhamdulillahi, an je lafiya, an dawo lafiya, kuma 'yan uwanmu da suka kafa fosta sun fitar da mu kunya.

Jami'ar, wadda aka buɗe a Satumban 2009, a killace take. Ba a shiga sai wani na ciki ya nema wa baƙo izini tun kafin ranar, da sunansa kamar yadda yake a iƙama, wato katin izinin zama a Saudiyya, da lambarta. Shi ya sa kwamiti ya matsa a turo hoton iƙama da wuri. Wanda ya turo hoto dishi-dishi, da wanda tasa ta ƙare bai sabunta ba, da wanda ya rubuta sunan da ake kiransa a gida maimakon na takarda, su ne ba su shiga jeri ba. Wannan ba son kai ba ne, kamar yadda aka yi ta faɗa a bayan fage. Masu fosta kuma su riƙe don gaba: girman A0 ake so, wato milimita 841 da 1189, a buga a Jidda tun da sauran lokaci, a naɗe cikin bututun kwali. Wadda aka ninke ta shiga jaka ba ta miƙewa a allo.

Inda aka fi daɗewa shi ne tsaftataccen ɗakin da ake ƙera ƙananan na'urori a kan faifan silikon. Faɗinsa ya kai murabba'in mita 2,000, yawancinsa aji 1000 ne, wasu sassa aji 100. Aji 100 na nufin a kowace ƙafa ɗaya ta tsawo da faɗi da tsayi na iska, ƙwayoyin ƙura masu girman rabin maikuron zuwa sama ba su wuce 100 ba. Maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kaurin gashin mutum kusan maikuron 70 ne. Iska tana saukowa daga matatun rufi ta wuce ƙasa, kuma an fi matse ta a ciki, don idan aka buɗe ƙofa ta fita waje, kada ta waje ta shigo. Babban mai kawo datti mutum ne, saboda haka suturar shiga tana da tsari: a rufe takalmi, a sa ragar gashi da safar hannu, a rufe baki da gemu, sannan hular da ke sauka har kafaɗa, sai riga mai haɗe da wando, sai dogon takalmi, daga sama zuwa ƙasa, kuma kada hannun rigar ya taɓa ƙasa. 'Yan uwa mata sun tambayi batun hijabi, hular tana hawa a kansa ba matsala. Hoda da kwalli da turare ba sa shiga, haka takarda da fensir, domin suna zubar da ɓarɓashi. Yawancinmu ta gilashin baranda muka kalla, shiga ciki sai wanda ya yi horon kariya.

Sashen da fitilunsa rawaya ne, nan ake zana da'ira a kan faifai. Ana wanke faifan da asiton, sannan barasar aisofurofil, a ɗauraye da tataccen ruwa, a busar da iskar naitirojin. Sai a ɗiga masa wani ruwa mai kauri da haske ke sauya shi, a juya faifan kusan sau 3,000 zuwa 4,000 a minti har ruwan ya bazu daidai, a gasa a wajen digiri 100 kamar minti ɗaya. Daga nan a ɗora abin rufi mai ɗauke da zanen, a haska da haske mai tsawon zango nanomita 365 (nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikuron), a wanke, zanen ya fito. Farar fitila tana ɗauke da shuɗin haske da zai ɓata ruwan tun kafin lokaci, dalilin rawayar ke nan. Idan gasawar ba ta kai ba, ruwan ya manne wa abin rufi. Idan ta wuce, ruwan ya ƙi wankuwa. Ƙura guda ta sauka a kan layin da faɗinsa maikuron ɗaya ne, ko ta yanke shi ko ta haɗe shi da na kusa, aikin mako ya tafi.

A ɗakin maikuroskof mai aiki da ilektoron an roƙe mu mu rage murya, kuma ba don ladabi kawai ba. Na'urar tana harba ilektoron da ƙarfin kilovolt 300 su ratsa samfurin da bai kai nanomita 100 kauri ba, wanda ke zaune a kan wata 'yar raga mai faɗin milimita 3. A wannan ƙanƙanta ana ganin jerin ƙwayoyin zarra, amma ƙarar magana, ko buga ƙofa, ko ɗan sauyin zafin ɗaki, ya isa ya sa hoton ya yi rawa. Wanda ya taɓa mariƙin samfur da hannu babu safa, maiƙon yatsansa zai taru inda ilektoron ke sauka ya baƙanta wurin.

Ɗakin manyan maganaɗisai na NMR, na'urorin da ke gano tsarin sinadarai, shi ne inda aka ƙwace wa kowa waya da makulli da agogo da katin banki a bakin ƙofa. Babbar na'urarsu ta megahaz 950 ce, ƙarfin maganaɗisunta ya haura tesla 22, alhali na'urar MRI ta asibiti 1.5 ce ko 3. Wayar lantarkin da aka naɗe a cikin maganaɗisun tana nutse a ruwan hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili, an kewaye shi da ruwan naitirojin mai 196 ƙasa da sifili. A wannan sanyi lantarki yana zagayawa ba abin da ke tare shi, don haka ko wuta ta ɗauke maganaɗisun yana nan da ƙarfinsa. Akwai layi a ƙasa da ba a tsallakewa da ƙarfe, mai na'urar bugun zuciya kuwa ko kusa ba ya zuwa. Abin da suke tsoro shi ne wayar ta ɗumama farat ɗaya: hiliyam ya tafasa, lita ɗaya ta ruwa ta koma iska sama da lita 700, ta kore iskar shaƙa daga ɗakin. Shi ya sa akwai bututun fitarwa da ƙararrawa mai auna iska.

An nuna mana babbar kwamfutarsu, Shaheen. Ta biyu ta zo ta bakwai a duniya a 2015, ta uku ta zo ta 20 a jerin Nuwamban 2023 da saurin da ya kai fetafulof 35, kowane fetafulof lissafi biliyan sau miliyan ne a daƙiƙa. Ruwa ke sanyaya ta. Abin amfani ga masu digiri na biyu da na uku: ba zama ake yi a gabanta ba, aiki ake rubutawa a jefa a layi, a faɗi adadin ƙwaƙwalwa da sa'o'in da ake buƙata. Manhajar da ba a rubuta ta yadda za ta rarraba aiki ba, ko an ɗora ta a can ba za ta fi kwamfutar cinya sauri ba.

Zaman da ya fi jan tambayoyi shi ne na sola, kuma ba mamaki, kowa tunanin gida yake yi. Wat ɗin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a digiri 25 da hasken wat 1,000 a murabba'in mita. Farantin silikon yana rasa kimanin kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri sama da haka, to idan ya kai 65 a tsakar rana, kusan kashi 16 ya tafi tun kafin a yi maganar ƙura. A bakin teku raɓa tana jiƙa ƙurar da dare ta manne, wankewa da ruwa mai gishiri kuma yana barin tabo. A 2023 masu binciken jami'ar sun kai ga mayar da kashi 33.7 cikin ɗari na hasken rana lantarki da ƙwayar solar da aka ɗora wa silikon wani sinadari mai suna ferofsikayit, alhali silikon shi kaɗai ba ya wuce wajen 29. Sauran aikin shi ne sinadarin ya jure zafi da laima na shekaru. A filin kamfanoni mun ga aikin NOMADD, kamfanin da ya tsiro daga jami'ar, mai ƙera na'urar da ke bin layin faranti tana sharewa da burushi ba ruwa. Wanda ya san hazon hunturu a Kano ko Zinder ya san darajar wannan.

Ziyarar ƙarshe ta masana'antar motocin lantarki ta Lucid ce a Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullahi, gaba da Thuwal ta hanyar Rabigh. An buɗe ta a Satumban 2023, ta fara da harhaɗa sassan da ake kawowa daga Arizona ta Amurka, da ƙarfin mota 5,000 a shekara. Batirin wasu motocin ya haura volt 900, kuma duk waya mai ruwan lemo ta babban ƙarfi ce, ba mai taɓa ta sai wanda aka horar. Rufaffen takalmi dole ne a irin wuraren nan. An sanar tun da wuri, duk da haka aka samu masu silifa.

Masu sha'awar ci gaba su nemi shirin jami'ar na ɗalibai baƙi, na wata uku zuwa shida a ɗakin bincike. A karanta aikin malami kafin a rubuta masa, a ambaci abin da aka karanta. Wasiƙa ɗaya da aka watsa wa malamai goma ba ta samun amsa.

Muna godiya ga ɗan uwanmu na ciki da ya tsaya kan izinin shiga, da iyayen ƙungiya biyu da suka cike giɓin kuɗin bas. Giɓin kuwa ya samu ne saboda wasu sun kama kujera ba su zo ba, ba su kuma sanar ba, alhali akwai masu jira.

Ayyukan da ba su ƙare ba

Tafiyar Dhahran, zuwa Jami'ar Sarki Fahad ta Man Fetur da Ma'adinai da cibiyoyin binciken kamfanoni da ke kusa da ita, ba ta yiwu ba. An ce kwamiti ya yi sakaci. Daga Jidda zuwa can ya kai kilomita 1,300, sai da kwana da masauki, kuma mai bas ya nemi kafin alƙalami kafin ya riƙe mana rana. Lokacin da ya nema, abin da ke asusu bai kai ba. Kwamiti bai yarda ya ci bashi da sunan mutanen da ba sa biyan na wata ba, kuma har yanzu muna ganin daidai ya yi.

Kayan gwaji na makarantar sakandare a gida an saya: na'urorin auna lantarki, gilasan tara haske, rezisto, allunan haɗa da'ira. Suna nan a kwali a ɗakin wani memba. Kuɗin kago ne babu. An ce a rarraba wa masu tafiya hutu, sai kowa ya ce dabino da tsarabar gida sun cinye kilonsa. Batiran litiyam ma ba sa shiga jakar da ake aunawa, sai ta hannu, don haka an cire su, za a saya a can.

Kundin kalmomin fiziks da Hausa an raba shi babi-babi. Na motsi da na lantarki sun dawo, an duba su. Na haske da zafi da zango suna hannun waɗanda suka ɗaga hannu da kansu a gaban kowa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Darasin lissafi na yaran unguwa ya tsaya bayan Sallah ƙarama. Yara suna zuwa, malamai ne suka ragu har ya rage mutum ɗaya, shi kuma ya shiga rubuta kundinsa.

Abin da ke gaba

Kwamiti zai kawo shawara biyu a babban taro: duk tafiya ta gaba, kujera sai ga wanda ba a bin sa bashi kuma ya biya kuɗin mota tun farko, sannan mai riƙe da babin kundi ya miƙa ko ya mayar a ba wani. A zaman ne kuma za a yi zaɓe. Kujerar magatakarda da ta ma'aji duk a buɗe suke, masu yawan gyara a zaure su fito. Mai bashi ya ga ma'aji kafin ranar, domin jerin masu kaɗa ƙuri'a daga littafinsa za a ɗauko.

Wassalam.
Magatakarda, a madadin kwamitin gudanarwa.