Wankan jegon maiɗakina ne ya koya mini karatun mita

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana magidanta mazauna Legas, musamman irina da ke zaman haya a Agege da Idi-Araba da Mile 12, waɗanda kuɗin wuta da na gas suka sa a gaba.

Ni tela ne, ɗan asalin Funtuwa, shekarata 19 a Ikko. Ina da mata da 'ya'ya biyar, muna zaune a ciki da falo, da mitarmu mai kati. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, na jingine ƙaramin janaretana, sai in aikin sallah ya matse nake tayar da shi. Sannan a watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta mayar da kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta aƙalla sa'a ashirin a rana, naira 225 kowane yunit, daga abin da bai kai saba'in ba, layinmu kuwa yana cikin rukunin. An ɗan rage daga baya, amma bai sauko ƙasa da ɗari biyu ba. Wuta ta samu, ba na musu, mukan yi sa'a ashirin da ita a rana. Sai dai katin dubu goma da nake sakawa yunit arba'in da 'yan kai yake ba ni, ya kai mu kwana takwas ko tara.

A watan Nuwamban shekarar ta 2024 Allah ya sauki maiɗakina lafiya, Inna mahaifiyarta ta taso daga gida domin wankan jego. A gida an san yadda ake yi: a kafa babbar tukunya a tsakar gida, a tura mata itace, a tsinko ganyen darbejiya, safe da yamma har kwana arba'in. A nan kuwa ina tsakar gidan, ina itacen? Maigidan haya ba zai yarda a hura wuta a farfajiyarsa ba, gas kuma ya yi tsadar da ba a taɓa shi sai don girki. Sai muka koma ga hita, wannan ta ƙarfe da ake tsomawa a ruwa. Katin dubu goma ya ƙare a kwana huɗu. Na sake sakawa, ya sake ƙarewa a kwana huɗu. Na fara zargin ko wani maƙwabci ya ja waya daga mitata, har na kwana biyu ina gaisawa da wani bawan Allah sama-sama. Na nemi gafararsa daga baya, domin bai ci ba bai sha ba.

Wanda ya warware mini zare da abawa shi ne ɗan maƙwabcin namu, yaro mai karatun lantarki a kwalejin fasaha ta Yaba. Ya ce, "Baba, kawo hitar in gani." Ya juya ta, ya nuna mini lamba a jikin mariƙin: 1,500. Ya ce duk kayan wuta akwai irin wannan lamba a bayansa, wat ake ce mata, kuma abu mai wat 1,000 in ya yi sa'a ɗaya a kunne ya cinye yunit guda. Ya tambayi Inna yawan ruwan da take dafawa, ta nuna masa bahon, ya ce wannan zai kai lita arba'in. Muka duba agogo, ruwan bai tafasa ba sai bayan sa'a biyu da kwata. Yunit uku da rabi ke nan a wanka ɗaya, bakwai a rana, kusan naira 1,500 kullum. Kafin a yi arba'in, wajen dubu sittin sun tafi a ruwan zafi kaɗai.

Daga nan muka bi ɗakin da takarda da biro. Fanka wat 70 ko kusa da haka. Talabijin ba ta kai ɗari ba. Cajar waya da nake ta yi wa yara faɗa a kanta, ko lissafi ba ta shiga. Amma dutsen guga ya haura 1,000, butar dafa shayi ta kusa 2,000. Abin da na fahimta a wannan daren, wanda shi ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne duk abin da aikinsa samar da zafi ne, shi ke cinye kati. Mu kuwa mun tare a kashe fanka cikin zufa da hana yara kallo, mun bar ɓarawon yana zaune cikin bokiti.

Ban iya tunkarar Inna da maganar rage wanka ba, kowa ya san tsakanin mutum da surukarsa. Ban ma so a rage ba. Abin da kawai na isar ta bakin maiɗakina shi ne jan kunnen da ma'aikatan asibiti suka yi mata, cewa kada ruwan ya wuce abin da jiki zai ɗauka. Sauran aikin na bar wa rana. Na sayo jarkokin mangyaɗa guda huɗu masu lita 25, aka wanke su tas da omo, na shafe su da baƙin fenti. Da ƙarfe tara na safe muke cika su, mu jera a kan tsohon fallen kwano a dandamalin siminti na bayan gida, inda inuwa ba ta kaiwa, mu lulluɓa musu farar leda mai shara-shara don kada iska ta sha zafin. Ranar farko da na buɗe ɗaya bayan la'asar na zuba a hannu, sai da na janye. Ba tafasa ya yi ba, amma yaro ba zai yi wanka da shi ba sai an sirka. Da wannan ruwan aka riƙa fara dahuwar yamma, hitar ta koma sa'a ɗaya da rabi. Wankan yara na yamma kuwa ya daina ganin hita gaba ɗaya, har yau.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. A watan Yuni da Yuli, lokacin da sama ke kwana tana zuba a Legas, jarkar ɗumi kawai take yi, wata rana ma ko ɗumin babu. Ruwan na wanka da wanki ne, ba na sha ba. Kada a yi da jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi. Kuma cikakkiyar jarka kilo 25 ce, kada wani ya ɗora ta kan ruɓaɓɓen rufi ta faɗo wa mutane. Akwai na kamfani mai bututan gilashi da tanki mai riƙe zafi har safiya, ina ganin su a saman otal-otal a Ikeja. Mai gidan kansa da ke da hali ya saka, zai ga amfaninsa. Mu 'yan haya jarka ce daidai mu.

Matsalar da ta rage ita ce safiya, domin ruwan da rana ta dafa kafin asuba ya huce. A nan sana'ata ta yi mini rana. Na tuna yadda kakata ke binne garwashi cikin toka da daddare, da safe ta tono shi da ransa. Na tattara ƙyallayen shago da nake biya a kwashe, na ɗinka wata jaka mai kauri kamar katifa, da murfi da zariya a baki, na cusa su ciki dam. Ruwan da aka tafasa da dare, in an rufe tukunyar aka sa ta ciki aka zuge, da asuba yana nan da zafinsa, ya isa alwala da wankan 'yan makaranta in an sirka.

Maiɗakina ce ta kai jakar kicin. Wake ta fara gwadawa: ta jiƙa shi tun dare, ta bar shi ya tafasa sosai kamar minti goma sha biyar, ta sauke tukunyar da murfinta ta sa a jaka. Bayan sa'a uku muka buɗe, tururi ya bugi fuskarmu, wake ya yi luguf, babu ƙonewa babu kamu. Shinkafa tafasa ɗaya take so, sai ta ƙarasa a ciki. Sharaɗin kawai a tabbata ya tafasa da gaske kafin a sa, kuma kada a riƙa buɗewa ana leƙe. Tukunyar gas ɗinmu mai kilo 12.5 da ke yin mako biyar, yanzu tana kai mu bakwai. Na ɗinka wa mata shida a layinmu irinta, ban karɓi komai ba sai kuɗin zare.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. Ƙwan fitila mai wat 60 mun musanya da na LED mai wat 9, haskensu ɗaya. Guga ta koma rana ɗaya a mako, a tara a yi gaba ɗaya. Firij ɗinmu yaron nan ya maƙala takardar naira ɗari a ƙofarsa ya rufe, ya ja, ta zare salin-alin, ya ce robar ƙofar ta saki, sanyi na zurarewa, shi ya sa injin ba ya hutawa. Muka canza robar.

Ina ganin 'yan'uwa suna cin bashi don sayen faranti da batir na sola. Abu ne mai kyau, ni ma ina da buri. Amma wanda ya kafa sola bai raba gidansa da hita da butar lantarki ba, batir ɗinsa ba zai yi ƙarko ba, kuma zai sayi babba alhali ƙarami ya ishe shi.

Roƙona biyu ne. Masu gidajen haya su bar mu mu jera jarka inda rana ke faɗawa, ba ta ɓata bango ba ta tayar da gobara. Sannan a gidajen da ake tarayya a mita ɗaya, a daina raba kuɗi da ƙidayar ɗakuna. A gidan da ke kallon shagona, wata bazawara mai fanka ɗaya da ƙwai biyu tana biyan daidai da mai firiza da hita, kuma duk wata sai an kai ruwa rana. Shugabannin unguwa da limamanmu su sa baki a zauna, kowa ya fito da kayan wutarsa a karanta lambar da ke baya, a raba a kan haka. Yaron da ya koya mini ya ce a shirye yake ya zo ya yi musu lissafin ranar Lahadi bayan azahar.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Mai karatunku,
wani tela a Agege, Legas