A ba kimiyyar jiki fili a jaridarmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a riƙa ba kimiyya fili mana. Ƙwayoyin jikinmu akwai furotin da ke manne su kamar gam, manyan dangi huɗu ne, kadherin da sai da kalsiyam yake kamawa, intagirin, selektin da dangin imunogulobulin. A 2008 har a wata halittar ruwa mai ƙwaya ɗaya tak an gano kadherin, kenan ya girmi dabbobi ma. Ni dai damuwata sikila ce wallahi, P-selektin, ɗaya daga dangin selektin ɗin nan, na cikin abin da ke sa jinin yaranmu ya maƙale a jijiya su kwana suna ihu, amma ɗalibanmu hadda kawai suke yi, ba mai haɗa musu darasin da gadon asibiti.

Naku,
Wani malamin bayoloji, Kaduna