Ummi, Yaushe Rabonki da Barci?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummi, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya sanyin Ngaundere, ya karatu? Mu nan Garwa lafiya lau, sai zafi. Ƙafar babanki ta yi sauƙi, har ya koma zuwa masallaci da kansa. Ƙannenki suna gaishe ki.

Da gangan na rubuta miki a takarda. In ta waya na turo, cikin tarin saƙonni za ta nutse, ki duba da ido ɗaya ki wuce.

Goggonki ta zo ranar Juma'a ta nuna mini bidiyon da kika sa a TikTok. Ni ban ga abin kunya a ciki ba. Da lulluɓinki, kina dariya da ƙawayenki a bakin ƙofar jami'a. Abin da aka rubuta a ƙasa ne ya tsaya mini a rai. Wannan ya taɓa baƙin fatarki, wancan ya taɓa haƙoranki, wani da Faransanci, wani da Fulatanci, wani da Hausarmu. Kuma duk kin bi su ɗaya bayan ɗaya kina ba su amsa. Goggonki sunan gida take ji, ta ce a kira ki a ja miki kunne. Na ce mata ta bar mini maganar, kuma ban bari ta kai kunnen babanki ba.

Ba sunan gida ne ya hana ni sukuni ba. In na tashi nafila wajen ƙarfe uku na dare, na ɗauki waya don in duba lokaci, sai in buɗe WhatsApp in ga kina kan layi. Jiya haka, shekaranjiya haka. Da kika zo hutun Sallah ma na lura. Cikin gidan sauro hasken waya yana kan fuskarki, babban yatsanki yana ta ja sama, ba dariya, ba magana. Da safe idanunki jajur. Na yi miki miyar yakuwa da kifin Binuwai, wadda da kike lashe kwano, kika tsakura kika ture. Kika tsaya gindin darbejiya kina ɗaukar kanki hoto kina gogewa, kina sake ɗauka kina gogewa, har rana ta juya. Man da na gani a ƙasan jakarki kuwa, na san na mene ne. Ban yi magana ba don gida cike yake da baƙi.

Kin san yadda ciwon Kawunki ya fara. Ba da ihu ya fara ba. Barci ne ya ƙaurace masa, sai abinci, sai ya daina zama cikin mutane, mu kuma muna cewa miskilanci ne. Ba sai na tuna miki daren da muka kwana cikin jirgin ƙasa zuwa Yawunde ba, da zaman da muka yi a asibitin Jamot, ɓangaren masu ciwon ƙwaƙwalwa, da abin da Inna ta sayar. Shi a lokacinsa babu waya ma. Ke kuwa ga jinin gidan a jikinki, ga abin da ke hana barci a ƙarƙashin matashinki. Wallahi Ummi, in na tuna wannan sai ƙirjina ya riƙe. Na gani sau ɗaya a ɗan'uwana, ba zan iya ganinsa a 'yar cikina ba.

Kada ki ce tsoron tsofaffi ne. Ina sauraren rediyo, kuma shekarun da na yi ina koyarwa ban yi su a banza ba. A 2021 wata da ta yi aiki a kamfanin Facebook ta fito da takardunsu na cikin gida. Binciken da su da kansu suka yi ya nuna cewa kusan ɗaya cikin uku na 'yan mata sun ce in suna jin ba su gamsu da jikinsu ba, Instagram, shafin hotuna na kamfanin, ƙara musu yake yi. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka ya yi gargaɗi cewa yaran da ke wuce awa uku a rana a waɗannan shafuka, haɗarin kamuwarsu da damuwa da fargaba yana ninkawa. Ostareliya har doka ta yi a 2024 ta hana yaran da ba su kai shekara 16 ba mallakar shafi a irin waɗannan kafafe. Na san kin wuce waɗannan shekarun, amma zuciyar ba ta canja ba don an shiga jami'a. Abin an ƙera shi ne ba shi da ƙarshe. In kin gama wannan bidiyo wani ya hau da kansa. Yana lura da inda idonki ya daɗe, ya ƙaro miki irinsa. Kin tsaya kan mai farar fata da lefe akwati goma sha biyu, gobe irinta ashirin za ki gani. Su kuɗin talla suke samu da kowane mintin da kika zauna. Ke kuma ki kwana kina auna ɗakin hayarki na Dang, unguwar jami'a, da falon da ba ki ma san ko nata ba ne.

Ni na saya miki wayar nan da kuɗin adashena, babanki yana cewa a dakata. Har gobe ina kan bakana. Ta nan malamanku suke turo darasi, ta nan nake aiko miki kuɗin abinci, ta nan kika ga fuskar jaririn Yayarki tun ranar suna. Yarinyar da ke nesa da gida ba za a bar ta ba waya ba. Na saya ne don in riƙa jin muryarki.

To ina muryar? In kira, ta yi ta ringi har ta tsinke. Sai can da daddare ki rubuto "lafiya lau Mama, ina karatu." Amma wani ƙato da bai san sunan kakanki ba ya zage ki, kafin minti biyar kin amsa masa. Shi ya fi ni daraja ke nan? Ni da na goya ki, na yi jinyar ƙyandarki, sai in roƙi minti biyu, shi kuwa ki ba shi darenki kyauta? Wannan ba tarbiyyar da na yi miki ba ce, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Amma ɓacin raina mai sauƙi ne, uwata. Ki kira ni kawai ya wuce. Fatarki irin ta Inna ce, wadda sunanta kike ɗauke da shi, kuma ba a taɓa shiga taro an rasa ganinta ba. Ki zubar da man nan tun bai ƙona ki ba.

Ban ce ki jefar da wayar ba. In kin yi sallar isha'i kin gama bitarki, ki sa ta caji can nesa da katifa, ki kashe data. Wanda ya zage ki, toshe shi, ba sai kin tanka ba. Ki riƙa fita kina cin abinci tare da 'yar ɗakinku. In kuma kin ajiye wayar barcin bai zo ba, ko kina jin ƙunci ba dalili, ko kuka yana zuwa miki haka kawai, ko wani mugun tunani game da ranki, ki faɗa mini a ranar, ko ƙarfe nawa ne. Ba zan yi faɗa ba, ba zan kai wa kowa ba. Ciwon damuwa ciwo ne, ba raunin imani ba ne, kuma yana da magani. Za mu yi addu'a, mu kuma je wurin likita, duka biyun tare, kuma da wuri.

Na haɗo miki da kilishi da yaji da zannen rufa mai kauri. Ranar Alhamis bayan magariba ki kira ni da murya, ban yarda da rubutu ba. In ban ji ki ba, Asabar da asuba ina tasha, kuma babanki zai tambayi dalilin tafiyar.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare mini ke.

Mahaifiyarki