Ga Ma'aikatan Da Aka Tura Legas

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin ma'aikatan Katsina masu ƙaura Legas a motarsu.

A juye baƙin mai, a duba fambel da birki. Amma taya ta fi cin mutane. Lamba huɗu a gefenta na nuna lokacin ƙirarta: 1219 na nufin mako na 12, shekarar 2019. Tsohuwar taya, ga lodi, ga zafin kwalta, fashewa take yi. A auna iska da sassafe, har ta safaya. In inji ya yi zafi, kada a buɗe lagireto sai ya huce.

A tashi bayan asuba, a bi Funtuwa, Zariya, Kaduna, a kwana Abuja. Tafiyar dare kam, a'a.

Naka,
Wani bakanike, Katsina