Wasiƙa daga Agege a kan maganar Auta

Agege, Legas

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Hajiya da uwargida da yara baki ɗaya. Yaya Kantin Kwari? Mu nan ruwan sama ya hana mu sakat, amma alhamdu lillahi.

Na saurari saƙon muryarka har sau uku, kuma na ji damuwa a cikin maganarka. Ka ce Auta ya fara buga karta ta kuɗi a waya, bilakjak da foka, da ka yi masa faɗa sai ya ce shi ba caca yake yi ba, lissafi ne, wai duk wanda ya iya tattalin jarinsa ba ya faɗuwa. Na ga gara in rubuta maka a tsanake, don in ka ga dama ka miƙa masa ya karanta. Ka san shekara biyu na yi a cikin wannan harka kafin Allah ya tsamo ni.

Sana'ar canji ce ta kai ni. Wani kwastoma ya kira ni da dare in kai masa naira wani otal a Victoria Island, na tarar da shi a gidan cacar da ke ciki. Sanyin na'ura, kafet mai laushi, ban ga agogo ko taga ba. Ba a ajiye tsabar kuɗi a tebur, sai ka canza su zuwa wasu 'yan faifai na roba masu launi. Wallahi idan dubu hamsin ta koma roba guda a tafin hannunka, nauyinta fita yake daga zuciyarka.

Auta bai yi ƙarya duka ba, akwai masu tsari. Na san wani dattijo Kwara, wato ɗan Lebanon, da ke zuwa sau biyu a mako. Kuɗin wasansa a ambulan yake zuwa da su, katin banki kuwa a gida yake bari. Ba ya zuba fiye da kashi 1 cikin 100 na jarin a hannu ɗaya, wato zagaye ɗaya na wasa. Ruwa kawai yake sha, duk da giyar da ake zagayawa da ita. Da awa biyu ta cika zai miƙe, ko yana ci ko ana cinsa, ya zaro wani ƙaramin littafi daga aljihun gaba ya rubuta abin da ya shigo da shi da abin da zai fita da shi. Wata rana yana canza dala a wurina na tambaye shi ribar da yake samu a shekara. Ya buɗe littafin ya nuna mini shafin ƙarshe: faɗuwa ce. Ya ce shi ya ɗauke ta kuɗin hira, tunda yana da masana'antar da ke ciyar da shi. Mutumin da ya fi kowa tsari a ɗakin ke nan.

Ga dalili. A bilakjak da gidan kake karawa. Ana so katunanka su kusanci 21 ba tare da sun wuce ba. Kai ne kake fara ja, in ka zarce kuɗinka sun tafi nan take, ko da mai rabon shi ma zai zarce daga baya. A nan gidan yake cin abincinsa. Wanda ya haddace jadawalin wasan tsaf, wanda ke nuna lokacin jan kati da lokacin tsayawa, bai kuskure ko sau ɗaya ba, yana rage rinjayen gidan zuwa wajen rabin kashi 1 cikin 100, amma ba ya kawar da shi. Yi lissafin da kanka, kai ɗan kasuwa ne: naira 10,000 a kowane hannu, hannu 60 a awa, an juya 600,000 ke nan, rabon gida 3,000 a kowace awa. Wannan ga gwani. Mai bugawa da ka, nasa ya ninka haka. Wasu teburan ma in ka sami 21 da kati biyun farko, maimakon su biya 15,000 a kan 10,000 sai su biya 12,000, kuma da yawa ba sa lura.

Zai ce maka akwai ƙirga kati. Gaskiya ne, wani malamin lissafi a Amurka, Edward Thorp, ya nuna a 1962 cewa mai bin sawun katunan da suka fita zai iya rinjayar gidan. Sai gidajen suka ƙara yawan kartar da ake haɗawa, kwali shida ko takwas a lokaci guda, suna yawan cakuɗawa, wanda suka gane yana ƙirga kuma su sallame shi. A waya kuwa, inda kwamfuta ke sake cakuɗa katin bayan kowane hannu, me zai ƙirga?

Ni abin da ya kayar da ni ninki ne. Aka ce mini in an ci ka, ka ninka, duk sanda ka ci sau ɗaya komai ya dawo. Na fara da 5,000. Aka ci, na sa 10,000, na sa 20,000, haka har sau bakwai a jere. Naira 635,000 ta tafi cikin abin da bai kai rabin awa ba, kuma sai na zuba 640,000 kafin in fita da ribar 5,000 kacal. Gumi nake yi a cikin wannan sanyi, 'yan yatsuna na rawa a kan koren ƙyallen tebur. Kuɗina sun ƙare, amma a jakata akwai dalar wani bawan Allah da ya ba ni amana in canza masa da safe. Na taɓa ta, aminina. Ita ma ta bi sahu. Ina kan gadar Third Mainland gari ya fara wayewa, ban yi Isha ba balle Asuba. Wata 14 na yi ina biyan wannan bashi, kuma har yau mutumin in mun haɗu gaisuwa ce kawai, bai ƙara ba ni ko sisi in riƙe masa ba. Kafin daren nan ni ma ina da ambulan, ina da dokar tashi. Duk sun yi aiki a ranakun da ba na bukatarsu.

Foka ta ɗan bambanta, don da mutane kake karawa, gidan yana yankar kasonsa ne daga kuɗin da aka tara a tsakiya. Iyawa tana tasiri, ban musa ba. Amma masu yin ta a matsayin sana'a suna cewa kada ka zauna a tebur sai kana da aƙalla ninki 20 zuwa 30 na kuɗin zama, kuɗin da ba na haya ba, ba na cefane ba, saboda ko gwani yakan yi makonni ana cinsa. Ka tambayi Auta ina nasa ninki 30 ɗin? In kuɗin makaranta ne ko na shago, to tun bai zauna ba ya karya dokar farko ta mutanen da yake kwaikwayo. Sannan ya nemi labarin Stu Ungar, wanda ya lashe babbar gasar foka ta duniya a Las Vegas a 1980 da 1981 da 1997. A 1998 aka tsinci gawarsa a ɗakin wani ƙaramin otal, miliyoyin dalolin da suka ratsa hannunsa babu su.

Hukuncin addini kuwa Auta ya san shi, tare muka kai shi Islamiyya. Aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun ambaci gaba da ƙiyayya da kange mutum daga ambaton Allah da salla. Ni a jikina na ga fassararsu. Na ji Hisbah na rufe shagunan caca a Kano, amma nasa shagon yana cikin aljihun wandonsa.

Don Allah kada ka tozarta shi a gaban mutane, kuma kada Hajiya ta ji tukuna, ka san hawan jininta. Ka zaunar da shi ku biyu, ka tambaye shi nawa ake binsa, musamman manhajojin bashi na waya, don yara sukan ɓoye wannan. In akwai, mu raba biyu ni da kai mu biya, amma kai tsaye ga masu bashin, kada kuɗin su bi ta hannunsa. Idan an yi hutu ka turo mini shi. Akwai ɗaki, kuma na yi magana da wani ɗan uwanmu dillalin albasa a kasuwar Mile 12, yana neman yaro mai kan lissafi da zai riƙe masa littafi.

Ka gaida Hajiya, ka ce ta sa mu a addu'a. Ina jiran kiranka bayan Juma'a.

Naka har kullum,
Amininka na Agege