A koya wa likitocinmu kula da masu shaye-shaye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini in yi magana kan wani gefe na matsalar shaye-shaye da ba a cika tattaunawa a kansa ba. Kullum labarin kame da ƙona kayan maye muke ji daga hukumar NDLEA, kuma aiki ne mai kyau. To amma wanda ƙwaya ta riga ta kama jikinsa fa, hannun wa zai faɗa?

Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, ɗaya cikin huɗu kuma mace ce. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan kuwa 'yan ɗaruruwa ne kacal. Ko asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Maiduguri da Dawanau za su kwana suna aiki, ba za su ɗauke wannan jama'a ba. Wanda ke fara ganin mai shaye-shaye shi ne likitan babban asibitin gari, sai ma'aikacin lafiya na ƙauye.

Na yi shekaru ina aikin jinya, na ga yadda abin yake. A kawo saurayi yana jijjiga, a ce farfaɗiya ce, a ba shi magani a sallame shi, ba wanda ya tambayi nawa yake shan tiramol a rana, alhali tiramol mai yawa na haddasa jijjiga. Matar aure ta yi ta zarya da ciwon ciki da rashin barci, kwalaben kodin na ɓoye a ɗakinta. Wanda ya fi ci mini rai shi ne mai ciwon sikila da aka saba masa da allurar fenta (pentazocine, mai kashe zafin ciwo) a asibiti, har jikinsa ya kasa rabuwa da ita, daga baya kuma a riƙa kiransa ɗan ƙwaya ana korarsa. Mu muka fara ba shi allurar, mu ya kamata mu san yadda za a yaye shi.

Ba mugunta ba ce, rashin horo ne. Ɗalibin likitanci makonni kaɗan yake yi a sashen ƙwaƙwalwa. Ya kamata ya fito ya iya tambaya ba tare da tsawa ko wa'azi ba, domin mai jin kunya ba ya faɗin gaskiya. Ya san cewa tsayar da diazepam (ƙwayar sa barci) ko barasa farat ɗaya ga wanda ya daɗe a kai na iya kashe shi, sai an riƙa ragewa sannu a hankali ƙarƙashin kulawa. Ya san naloxone, maganin da ke farfaɗo da wanda kodin ko tiramol ya danne wa numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta tsara jerin tambayoyin tantance masu shaye-shaye mai suna ASSIST, ba sai mun ƙirƙiro sabo ba.

Idan asibiti ya kasa, iyaye gidan mari suke nufa. Kowa ya ga yaran da 'yan sanda suka fitar da sarƙa a ƙafa a Rigasa da Daura a 2019. Ba na zargin uwar da ta rasa inda za ta kai ɗanta.

Roƙona ga hukumar da ke ba likitoci lasisi, wato MDCN: tunda tana bukatar shaidar ƙarin ilimi kafin sabunta lasisi, ta sanya wannan horo ya zama dole. Gwamnonin Arewa kuma su ɗauki nauyin horar da aƙalla likita ɗaya da ma'aikatan jinya biyu a kowane babban asibiti, da mata a cikinsu, domin mace ta fi sakin jiki da 'yar'uwarta.

Wassalam,
Ma'aikacin jinya mai ritaya, Kano