Wasiƙa ga Abokan Cinikinmu Kan Sitikar Taya da Ke Bakin Ƙofar Direba

Assalamu alaikum.

Alhazai da Hajiyoyi, iyayenmu da 'yan'uwanmu masu sayen mota da taya a wurinmu a nan Jos, muna gaishe ku da fatan alheri. Ya iyali, ya sanyi?

Dalilin wannan wasiƙa shi ne, a cikin motocin tokumbo da muka shigo da su daga Amurka muka sayar, akwai wani rukuni da kamfanin da ya ƙera su ya yi wa kiran gyara. Inji lafiya lau, burki ma haka. Matsalar tana jikin 'yar sitikar nan da ke maƙale a ginshiƙin ƙofar direba, wadda ba a ganinta sai an buɗe ƙofa. An buga lambobin da ba daidai ba a kanta: iskar da ta ce a sa wa taya ta wani girman taya ce daban, kuma nauyin da ta ce motar za ta ɗauka ya zarce na gaskiya. Waɗanda muke da lambar wayarsu mun fara kiransu. Amma mota a ƙasar nan tana sauya hannu, wani ya sayar, wani ya ba ɗansa, shi ya sa muka ga ya dace mu fito fili kowa ya ji.

Mun san wani zai ce, a kan takarda kawai ake wannan hidima? Ranku ya daɗe, allura ma ƙarfe ce. Ku buɗe ƙofar ku duba. Sitikar tana ɗauke da girman tayar da aka ƙera motar da ita, da iskar gaba da ta baya da ta safaya, da adadin mutanen da za su zauna, da jimillar nauyin mutane da kaya da bai kamata a wuce ba. Lambar da ke jikin ita tayar, irin su 44 ko 51, iyakar iskar da tayar za ta iya jurewa ce, ba abin da motarku ke buƙata ba. Kullum muna ganin motar da aka tsaya wurin mai faci a bakin hanya, ya duba jikin taya, ya ɗura mata iska har 45, alhali sitika ta ce 32. Irin wannan motar tana tsalle a kan rami, tsakiyar tayar na cinyewa da wuri, kuma ba ta kama kwalta yadda ya kamata idan an taka burki cikin ruwa. To ina ga a ce ita kanta sitikar da za a koma gare ta don raba gardama ita ce mai kuskuren?

Ƙarancin iska ya fi ba mu tsoro. Tayar da iska ta yi mata kaɗan, gefenta yana lanƙwasawa yana miƙewa a kowane juyi, wannan kuma zafi yake haifarwa. Idan aka haɗa da lodi da gudu, zafin yana raba robar da wayoyin ƙarfen da ke ciki, sai bayan tayar ya ɓare gaba ɗaya. Duk wanda ya saba bin hanyar Abuja ya san yadda gangaren Hawan Kibo yake, ya kuma san cewa daga an sauka tudun Filato an nufi Akwanga da Keffi, kwalta sai ƙara zafi take yi. Ba wurin da mutum zai so taya ta fashe masa ba ne, ga iyali a baya.

Su ma Amurkawa sai da rayuka suka salwanta kafin su tsaurara doka. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5, yawancinsu a jikin motocin Ford Explorer, saboda haɗurran da daga baya aka ƙidaya sun ci rayukan mutane sama da 200. Cikin abubuwan da kamfanonin biyu suka yi ta jayayya a kai har da iska: Ford ya rubuta 26, Firestone ya ce 30 ya fi dacewa. A shekarar ce majalisarsu ta yi dokar da ake kira TREAD, wadda daga baya ta wajabta sa na'urar gargaɗin iska a sababbin motoci tun daga ƙarshen 2007. Ita ce 'yar fitilar nan ruwan ɗorawa da ke kamawa a gaban direba, wadda wasu ke cewa a kashe musu ita don tana damunsu. Don Allah a daina kashe ta. Sai dai ku sani, ba ta kamawa sai iska ta ragu da kusan kashi 25 cikin ɗari, wato sai abu ya riga ya yi nisa. Ba ta maye gurbin geji, wato ma'aunin iskar taya.

Batun nauyi kuwa, a nan ne muke so a tsaya a yi lissafi. Ƙaramar mota mai kujera biyar yawanci abin da aka yarje mata bai wuce kusan kilo 400 ba, mutane da kaya duka. Manya biyar masu kilo 70 kowanne sun riga sun cinye 350. Buhun shinkafa ɗaya mai kilo 50 ya cike sauran. Ba a yi maganar akwatuna ba, ba a yi maganar buhun dankalin da za a tsaya saya a Mangu don tsaraba ba. Idan sitika ta yi ƙarin wasu kilo a kan na gaskiya, mai bin ƙa'ida ma zai yi lodin da ya wuce kima yana ganin yana kan daidai. Wannan ne ya sa hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, take ɗaukar kuskuren sitika a matsayin saɓa wa ƙa'idarta mai lamba 110, ta kuma sa a gyara kyauta.

A can, kamfani yana aika wasiƙa ta gidan waya zuwa ga wanda sunansa ke kan rajistar motar, wani lokaci har da sabuwar sitika a cikin ambulan. Motar da ta hau jirgin ruwa ta sauka Legas ko Kwatano ta iso Jos, wasiƙarta tana can a wani gida da ba mu sani ba. Babu wanda zai biyo ku da ita Unguwar Rogo ko Bukuru. Mu da muka karɓi kuɗinku muka miƙa muku makulli, a ganinmu mu ne ya wajaba mu isar da saƙon.

Ga abin da za mu yi. Ku kawo motar, za mu karanta lambar shasi mai harufa da lambobi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, mu shigar da ita a shafin NHTSA na intanet a gabanku. Mai wayar hannu ma yana iya yin haka da kansa a gida. Idan motarku na cikin rukunin, za mu rubuta muku lambobin gaskiya daga sanarwar kamfanin, mu manna a kusa da tsohuwar sitikar, kafin wakilinmu a Amurka ya turo ta asali. Za mu auna tayoyi biyar ɗin, har da safaya da ake mantawa da ita sai ranar da aka yi faci a daji. Ba za mu karɓi ko kwabo ba. Wanda ba a wurinmu ya sayi motarsa ba shi ma ya zo, dubawar ba ta cin lokaci.

Tunda motar za ta zo hannunmu, za mu nuna muku shekarun tayoyinku. A ƙarshen rubutun da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu. Idan kuka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Jami'an FRSC suna duba wannan a hanya, kuma muna ganin suna da gaskiya, domin tsohuwar taya tana iya kasancewa da zane mai kyau alhali robarta ta bushe ta tsattsage.

Roƙonmu ɗaya: ku zo da safe. Lambar da ke kan sitika ta tayar da ta huce ce, wadda ta yi aƙalla awa uku a tsaye ko ba ta yi doguwar tafiya ba. A wannan lokaci na hunturu, sanyin asubar Jos kaɗai yana rage iska, don haka ku riƙa aunawa sau ɗaya a wata da kuma kafin kowace doguwar tafiya. Idan kuka auna a tsakiyar hanya kuka ga ta hau, kada ku bari a sace iskar, zafi ne ya ɗaga ta, za ta sauka da kanta.

Wanda ya sayar da motar da ya saya a wurinmu, don Allah ya tura wa sabon mai ita wannan wasiƙa. Direbobin haya na tashar Titin Bauchi da ba za su iya barin layi da safe ba, su yi mana magana, za mu turo yaro da geji ya same su a tasha. Muna buɗewa Litinin zuwa Asabar daga ƙarfe 8 na safe, ranar Juma'a muna rufewa lokacin masallaci. Ku taho da takardun motar.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa a sauka lafiya.

Naku,
Shugaba da ma'aikatan shagon motoci da taya,
Titin Bauchi, Jos.